Ranar da Irmiya Bai Sauka Daga Mota Ba

Shekara biyu Irmiya Gajere ya yi yana taka gonakin mutane tsakanin Talata Mafara da Bakura, sarƙar awo a kafaɗa, fensir a bayan kunne. Lokacin aikin madatsar Bakolori ne. Kafin katafila ta shiga wuri ta baje shi don ruwan noman rani ya samu hanya, sai an rubuta kowace gona da sunan mai ita, domin in ta wuce ba ta barin komai. Ba gamba a kan iyaka, ba suri, ba kututture. Takarda kaɗai ke saura, da ita kuma za a sake raba ƙasar. Irmiya na cikin masu rubuta takardar.

Mutumin Zuru ne, Kirista, gajere kamar sunan ubansa. Manoma suna kiransa Malam Irmiya mai awo, sun kuma yarda da shi saboda abu guda. Ba ya tambaya wa ke noma wuri. Sai ya taka iyaka kusurwa huɗu, ya tsaya gindin itace ya ce, "Wa ke cin ɗorawar nan?" A ƙasar nan mutum kan ba wani aron gona shekara uku ko biyar, amma ba a ba da aron itatuwan da ke ciki. Wanda matansa ke kaɗe ɗorawa, shi ne mai gona, ko da bai taɓa fartanya ba tun bara waccan. Ba a makarantar awo Irmiya ya koyi wannan ba. A rana ya koya.

Ran Lahadi kuwa keke yake hawa, mil tara, zuwa wata rumfar kwano a gefen sansanin leburori kan hanyar Bakura. Kiristoci kamar ashirin ke taruwa a nan, masu haƙa, masu ɗaukar siminti, da matansu. Ba su da fasto. Dattijonsu Baba Labaran ne, tsohon maigadi wanda idonsa ya fara yana, saboda haka Irmiya ke yin karatu, shi kuma ya yi addu'a.

A shekara ta uku aka ƙara wa Irmiya girma. Aka ba shi tebur a ofis mai na'urar sanyi, da mota da direba, da gida a kwatas ɗin ma'aikata: ɗaki biyu da falo, fanka a kowanne, firij, famfo har cikin kicin. Matarsa Rifkatu, wadda ta shekara biyu tana jan guga a gidan haya cikin Mafara, ta murɗa famfon ta tsaya tana kallonsa, ta rufe, ta sake buɗewa. Ƙurajen zafin da suka cinye wuyan 'yarsu Saratu suka baje cikin mako guda. Irmiya ya durƙusa a tsakar falon ya gode wa Allah, da zuciya ɗaya kuma ya gode.

Lahadin farko da bai je rumfa ba, tayar keke ce ta sace. Ta biyu, zafi ya yi yawa. Ta uku ya gano cewa rediyo na kawo sujada da Hausa da ƙarfe tara, mai wa'azin kuma ya fi shi iya magana nesa ba kusa ba. Yana kwance ƙarƙashin fanka yake cewa amin. Rifkatu takan bi motar ruwa ta je wani lokaci, wani lokaci ita ma ta zauna. Ba wanda ya zo ya tuhume shi, shi ma bai ga abin tuhuma ba. Bai sha giya ba, bai karɓi ko ƙwan zabo daga hannun manomi ba. Hutawa kawai yake yi.

Wata Alhamis cikin bazara aka ce gonaki goma sha ɗaya sun rage a gabashin ƙauyen Ruwan Gizo, a gama su. Sun isa rana ta take. Falalu direba ya tsaya a bakin hanya, Irmiya ya buɗe ƙofa, zafi ya buge shi a fuska kamar an buɗe tanda, ya mayar da ƙofar ya rufe. Ga mutane can suna sharar gona. Ya sauke gilashi ya yafito su.

"Wa ke noma nan? Can fa? Ta bayanta?"

Suka faɗa, ya rubuta a kan gwiwarsa. Iyakokin kuwa ya kwafe su a ofis daga hoton da jirgin sama ya ɗauka. A ƙasan takardar akwai layin da ke cewa mai awo ya taka iyakar kowace gona da ƙafarsa tare da mai ita. Ya sa hannu, ya tafi gida ya sha ruwan sanyi.

Mako uku bayan haka, ran Asabar da hantsi, maigadin kwatas ya zo ya ce wasu dattawa biyu na bakin ƙofa tun safe, sun ƙi tafiya. Irmiya ya ce a shigo da su. Ɗaya dogo ne mai dogara sanda, Malam Barau na Ruwan Gizo. Ɗayan, mai faɗin kafaɗa da dariya kusa, maƙwabcinsa ne Bawa. Suka ƙi kujera, Rifkatu ta shimfiɗa musu tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da zafi da aiki, aka sake tambayar zafi. Ta kawo ruwa daga firij. Malam Barau ya kurɓa, ya dafe haƙori, ya ajiye kofin gefe.

"Bari shi huce tukuna," in ji shi.

Bawa ya shanye nasa ya miƙa a ƙara.

"Malam Irmiya," in ji Barau, "gonata ta kawo mu. Wadda ke bakin hanya, mai ɗorawa ukku. Ɗiyana duk sun tahi aikin madatsa, ni ko ƙahwa ta ƙiya, sai na ba Bawa aro, bana shekara ta huɗu. Ran kasuwa anka karanta sunaye, munka ji an ce gonar Bawa ta."

"Ni dai tambayata anka yi wa ke noma, nic ce ni," in ji Bawa. "Ban yi ƙarya ba. Ko kalwa guda matata ba ta taɓa ɗauka cikin gonar nan ba, a tambayi kowa."

"Kun je ofis?"

"Sau biyu. Akawu ya ce takardar da Irmiya yas sa ma hannu ba a taɓa ta, don shi da ƙahwatai yake takawa. Munka ce gaskiya ne, haka munka san shi." Barau ya gyara zaman sandarsa. "Shi ne munka ce bari mu zo mu tambaye ka, wace rana kat taka ta ba mu gani ba?"

Irmiya ya dubi kofin da Barau ya ajiye gefe. Fanka na ta juyawa a sama.

"Ni na gan ka ranar," in ji Bawa. "Amma rabinka nig gani. Daga wuya zuwa hula."

Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ba mai taya shi sai ya bari.

"Yaushe aka ce katafila za ta shiga?" in ji Irmiya.

"Laraba."

"Ku same ni bakin ofis ran Litinin da safe, Baba."

Ya raka su har ƙofar kwatas. Da ya dawo ya tarar da Rifkatu tsaye a kicin, ta naɗe hannu. Ta ji komai.

"Baban Saratu, ka dai san abin da aka yi wa mai awon ɓangaren Maradun."

Ya sani. Mutumin ya sa hannu a kan gonakin da bai taka ba, aka gane, aka mayar da shi jan sarƙa, aka karɓe gidan kafin wata ya ƙare.

"Bawan nan mutumin kirki ne," ta ce. "In an raba, ba sai ya mayar wa tsohon abinsa ba? Su daidaita tsakaninsu, ba sai kowa ya ji ba."

"In an baje, haɗe wa mutum ake yi wuri guda. Ta Barau za ta shige cikin ta Bawa, ba mai iya nuna inda ta fara. Yau Bawa na da rai, zai ce a yanka masa. Gobe 'ya'yansa ne, ga takarda a hannunsu da sa hannuna."

"To a kankare sunan mana."

"Kwafi uku ne. Biyu ba su wurina. Ba mai gyarawa sai shugaban sashe, shi kuwa sai na gaya masa dalili."

Ta juya ta ɗauraye kofunan baƙin, ta daɗe tana ɗaurayewa.

"Ba zan ce maka ka yi ƙarya ba," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Amma kada ka sa ran zan yi guɗa. Ni na san nauyin gugan nan, ba kai ba. Yarinyar nan kuma ka ga wuyanta da idonka."

"Na gani."

"To."

Ran Lahadi da sassafe ya jawo keke daga bayan gida, ya kakkaɓe yanar gizo, ya ba tayoyin iska. Mil taran nan sun ƙara tsawo tun rabonsa da su. Ya isa rumfar rigarsa ta manne da baya, an riga an fara waƙa. Kwanon rufi har ƙara yake don zafi.

A ikilisiyarsu akwai benci guda a can baya, na wanda aka sa horo. Mai laifi kan zauna a kai wata uku ko shida, ba ya karatu, ba ya ba da shaida, har dattawa su ce ya isa. Irmiya ya wuce wurin zamansa na gaba, ya koma ya zauna a kan bencin nan. Kawuna suka juyo. Baba Labaran ya bar matan suna ta waƙa, ya lallabo da bin ginshiƙi har ya zo ya zauna kusa da shi.

"Ɗana, wa ya sa ka horo?"

"Ni na sa kaina, Baba."

"A'a. Mu ke sawa. Me ka yi?"

Irmiya ya faɗa masa a taƙaice, da murya ƙasa: motar, gilashin, sa hannun, tsohon da gonarsa, Laraba. Baba Labaran ya saurara yana kaɗa kai daidai da waƙar.

"To ka gyara?"

"Gobe zan je. In na faɗa, gidan ya tafi."

"Shi ne ka zo ka zauna nan." Tsohon ya bubbuga bencin da tafin hannu. "Wannan ma wurin zama ne, Irmiya, inuwarsa ɗaya da na gaba. Kana iya yin wata shida a kansa kana sunkuyar da kai, mu ce kai, Irmiya ya tuba, gonar bawan Allah kuwa ta tafi. Ka faye son wurin zama kwanan nan. Tashi ka yi mana karatu. Mako bakwai ke nan ba abin da suke ji sai ɗan abin da na haddace, har sun fara riga ni faɗa."

Ya tashi ya yi karatu. Da ya gama ya gaya wa jama'ar abin da ya yi, jimla huɗu, bai ƙara gishiri ba bai rage ba. Wani mai ɗaukar siminti ya ce, "Ashe manya ma rana na cizonsu," aka yi dariya, Irmiya ma ya yi. Sai Baba Labaran ya ce a rufe ido. Irmiya ya kasa kunne ya ji ko tsohon zai roƙi Allah ya tsare masa gidan. Bai roƙa ba.

"Ya Ubangiji Yesu," in ji shi, "kai da ka taka ƙasa da ƙafarka, ga ɗanka Irmiya. Baki yana da shi, ilimi yana da shi. Ka ba shi ƙafa. Amin."

Ran Litinin ya tarar da Barau da Bawa zaune a gindin dalbejiya bakin ofis. Ya gaishe su, ya ce su jira, ya shiga wurin shugaban sashen awo, Malam Hayatu. Mutum ne mai furfura a gemu da gajiya a ido, shi ne kuma ya rubuta takardar da ta sa aka ƙara wa Irmiya girma. Irmiya bai zauna ba. Ya ajiye takardar gabashin Ruwan Gizo a kan tebur, ya nuna suna na bakwai, ya ce kuskure ne, gonar ta Malam Barau ce.

Malam Hayatu ya duba, ya cire tabarau, ya ce ya rufe ƙofa.

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Ɗauki takarda ka rubuta min layi ɗaya: manomin da aka tarar a gonar ya ba da sunansa a matsayin mai ita. In sa hannu, a gyara, kowa ya kama gabansa."

"Shi kuma Bawa fa, Yallaɓai?"

"Sunansa zai shiga cikin waɗanda ake bincike a kansu. A dakatar da rabonsa har a gama. Damina ɗaya, ko biyu in abin ya ja."

Na'urar sanyi na hura wa Irmiya iska a ƙeya. Ya ji daɗinta sarai, bai yi wa kansa ƙarya a kan wannan ba. Layi ɗaya ne, kuma in an bi kalma da kalma ba za a ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Barau zai samu gonarsa. Saratu za ta ci gaba da barci ba ta susa. Ta taga yana hango Bawa yana ba maigadi labari da hannu biyu.

"Bai yi ƙarya ba, Yallaɓai. Tambayar banza na yi masa, ya ba ni amsar gaskiya. Ban sauka daga mota ba ranar. Ban taka ko ɗaya ba."

"Ban ji ba."

"Na ce ban taka ko ɗaya ba, na kuwa sa hannu cewa na taka."

Malam Hayatu ya jingina da kujera ya dube shi.

"Irmiya, ina nuna maka ƙofa kana bin taga. Ka san in ka rubuta wannan dole in aika da shi sama?"

"Na sani."

"Ka san gidan zai tafi? Ni na sa aka ba ka shi. Da wane ido zan dubi matarka?"

"Ni zan dube ta, Yallaɓai."

"Wallahi kun cika taurin kai, ku mutanen Zuru." Ya tura masa farar takarda da alƙalami. "Rubuta. Sauran goman fa?"

"Duka haka na yi su."

"To kana da gobe, ita kaɗai. Ba zan iya tsayar da katafila ba. Falalu ya sauke ka da asuba ya dawo min da motata. Ka kawo min sababbin takardu kafin a tashi, kowace da hannun mai ita da na mai unguwa."

Talata tun rana ba ta fito ba yana Ruwan Gizo. Mai unguwa ya tara mutane, aka bi gona gona. Irmiya na gaba, yana bin gamba, yana kafa turke a kowace kusurwa, yana tsayawa gindin kowace ɗorawa da tsamiya ya yi tambayarsa. Kafin azahar ƙafarsa ta yi bororo a cikin takalmin ofis, ya cire shi ya ari na taya wurin Bawa, wanda ya ce wannan aron ma a rubuta shi da kyau kada a ce takalmin Irmiya ne. Cikin goman da suka rage, biyu suka fito na aro. Ɗaya ta wata gwauruwa ce da ba ta ma ji an karanta sunaye ba.

Da aka zo kan ta Barau, tsohon ya ce shi ma sai ya taka. Aka bi shi a hankali, sanda na gaba, har kusurwa ta huɗu. Irmiya ya buɗe masa tawadar dangwala yatsa. Barau ya ture ta, ya karɓi alƙalami, ya rubuta sunansa da ajami, harafi harafi, har da sunan ubansa.

Malam Hayatu ya karɓi takardun ana shirin rufe ofis, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ba Irmiya kwafin masu gonaki. Sannan ya miƙa masa wata ambulan dabam. An mayar da shi aikin fili. Gida kuma ya miƙa makulli ƙarshen wata.

Rifkatu ta karanta wasiƙar a tsaye, ta ninke ta huɗu.

"Gidan hayarmu na da an ba wani," ta ce. "Na aika an tambaya tun jiya. Akwai wani kusa da kasuwa, rijiyarsa ta fi kusa. Kai za ka riƙa jawo na safe kafin ka fita."

"Na yarda."

"Ban tambaye ka ko ka yarda ba."

Ran Laraba katafila uku suka shiga gabashin Ruwan Gizo. Matan gidan Barau sun riga sun kaɗe ɗorawar tun da safe, har da wadda ba ta gama nuna ba. Kafin rana ta karkata an tumɓuke itatuwan, an ture su gefe, wurin ya zama jan fili shimfiɗe daga hanya har inda ido ya tsaya. Barau na tsaye a bakin hanya. Ya nuna wani wuri da sanda, ya yi shakka, ya nuna wani, ya sauke sandar.

"Malam Irmiya, ina za a ba ni tawa?"

"Ban sani ba, Baba. Ba ni ke rabo ba. In lokacin ya yi zan zo mu je tare."

Tsohon ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta, ya miƙa masa.

"Karanta mini sunan da ke bisa."

Irmiya ya karanta.

"To," in ji Barau. Ya karɓa ya mayar aljihu, ya dubi rana, ya ce la'asar ta yi, ya kama hanyar gari.